Akwatin Abdulmutallib Tela

Ranar Talata ce, sha bakwai ga Agusta, 1999. Ruwa ya sauko tun kafin kiran assalatu, irin mai zuba a tsaye babu iska, kuma kwana na uku ke nan yana yi mana haka a Habbena. Da gari ya waye babu rana. Tsakar gidanmu ta zama tafki, takalman roba suna yawo a kai. Na tsaya a ƙofar ɗakina ina kallon katangar da ke tsakaninmu da maƙwabta. Ta jiƙe ta yi baƙi har kusan gwiwa, tana zubowa guntu-guntu.

Mu uku ne a gidan: Baba, wato Malam Halliru mai turare, da yayata Lauratu wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, sai ni Ghali. Shekarata goma sha tara a lokacin. Na bar lekol, wato makarantar boko, tun ina aji biyar. Na zauna wurin wani mai walda wata huɗu, na sayar da fetur a kwalba a bakin hanya, na yi yaron mota zuwa Masaget sau biyu, babu inda na daɗe.

Abin da ya dame ni da safen nan ba katangar ba ce. Akwati ne na ƙarfe, kore, da ke ƙarƙashin gadon Baba. Kowa a unguwa ya san kan keken ɗinki ne a ciki. Ni kaɗai na san babu shi. Jan bulo takwas ne a ciki, ni na sa su da hannuna.

Mai akwatin wani tela ne mutumin Gumel, Abdulmutallib. Ya sauka a gidanmu ina da shekara biyu, yana kan hanyar Makka ta Sudan. Ya yi wata bakwai yana ɗinki a zaurenmu yana tara guzuri. Da zai wuce sai ya ga keken ya yi masa nauyi, ya kwance kan ya naɗe a zane, ya haɗa da almakashi da wasu yaduka, ya kulle a gaban shaidu biyu, ya miƙa wa Baba. Ya ce shekara biyu zai dawo, ya tafi da makullinsa. Shekara goma sha bakwai ke nan. Duk shekara idan alhazai suka dawo Baba yakan bi su gida-gida yana tambaya ko sun ga wani tela dogo mai tsaga uku a kumatu. Babu wanda ya gan shi.

Wannan aiki gado ne a wurin Baba. Kakanmu ya baro ƙasar Hausa zai je aikin hajji, ya tsaya a garin nan tun ana kiransa Forlami, bai ƙara gaba ba. Sai ya zama shi ne mai ajiye kayan masu wucewa. An ce ɗaki guda ya ware musu, kuma har ya rasu babu ko allura da ta ɓata. Ya bar wa Baba ƙa'ida biyu: ba a buɗe amana, kuma hannun da ya karɓe ta shi kaɗai ke ɗaukarta, ba a ɗora wa ɗa, ba a ɗora wa jaki. Liman da kansa ya taɓa gaya wa Baba cewa ta biyun nan ba ta cikin littafi. Baba ya ce ya sani, ta gidanmu ce.

Kalmar amana kanta kuma ta zame masa abin hira. Yana saurayi ya ƙarasa tafiyar da mahaifinsa bai ƙarasa ba, ya yi shekara biyu a Jidda yana dako a masaukin alhazai. A can ya fara lura. Wani tsoho Baturke ya miƙa masa jaka ya ce emanet. Mutanen Pakistan suka ce amanat. Mutanen Jawa suna faɗarta da ɗan numfashi a ƙarshe, 'yan Zanzibar kuwa kamar a bakinmu suka ɗauka. Da ya dawo sai ya ga ashe a nan ma haka ne, Shuwa da Barebari da Fulani duk ita suke faɗa, har kifi busasshe idan ka ba direba ya kai wa wani a Abeshe, amana ce sunansa. Ya ce wani malami a Makka ya rubuta masa tushenta a ƙasa da ɗan yatsa, alif da mim da nun, kuma daga nan imani ya fito, da aminci, da amin da muke cewa bayan addu'a. Asalin ma'anar, in ji malamin, rashin tsoro ne: mutum ya ba ka abinsa, ya juya baya, ya je ya yi barci.

Duk baƙon da ya tsaya sayen turare sai Baba ya tambaye shi yadda suke faɗarta a yarensu. Maƙwabcinmu Metir Jimadum, Kirista ne mai koyarwa a lekol ɗin unguwa, ya taɓa ce masa a Faransanci sai an haɗa kalma biyu, ɗaya ta kayan, ɗaya ta zuciyar. Baba ya yi mako guda yana ba mutane wannan labari. Lauratu takan ce ko aljani ne ya shigo gidanmu, kafin Baba ya yi a'uzubillahi sai ya tambaye shi yadda suke cewa amana a garinsu.

Ni na ji wannan hira har ta gundure ni. A ganina mutumin ya mutu tuntuni a wani wuri tsakanin Darfur da teku, keken yana tsatsa a banza, ni kuma ina yawo babu sana'a. A ranin shekarar da ta wuce, wata Jumma'a da Baba ya tafi masallaci, Lauratu ta tafi barka, na jawo akwatin. Ban taɓa kwaɗon ba. A wurin walda na koyi yadda ake buge ƙusar maƙalin murfi ta baya a mayar da ita ba a gane ba. Na ɗauke kan keken, na bar almakashin da yadukan. Na naɗe bulo shida a tsumma na sa, na ɗaga na ji kamar bai kai ba, tsoro ya sa na ƙara biyu. Na sayar da keken wa wani mutum a bayan kasuwar Dembe, na sayi basukur na hawa don in riƙa shigo da sukari daga Kuseri, ƙetaren kogi. Mako uku na yi ina wannan fatauci. Wasu mutane suka tare ni a bakin kogi suka karɓe basukur ɗin da buhun da ke kai. A gida na ce na aro ne.

Baba bai gane ba, domin ya yi shekaru bai ɗaga akwatin sama ba. Jawo shi yake yi, ya shafe shi da mai, ya tura shi ya koma.

Wajen ƙarfe tara na safe katangar ta faɗi. Ba ta yi ƙara sosai ba, ta dai zauna cikin ruwa, sai ga ruwan gidan Metir ya haɗu da namu. Metir ya ƙetaro da wando a naɗe, ya ce mai unguwa ya ce kowa ya tafi lekol, can ne tudu, kuma ginin siminti ne. Ya samo kura ta masu tallan ruwa, ya ce mu ɗora abin da za mu iya tare da nasa.

Muka ɗora buhun gero da tukwane da kwalaben turaren Baba a cikin kwando. Lauratu ta saɓa ƙullin tufafi. Baba ya shiga ɗakinsa ya jawo akwatin zuwa bakin ƙofa, ruwa yana lasar gindinsa. Metir ya sunkuya zai kama hannu ɗaya, Baba ya dafa wuyan hannunsa ya ce ya yi haƙuri.

Metir ya san ƙa'idar, shekara tara muna katanga ɗaya. Ya yi ta lallashi da Larabci, yana cewa yau ba ranar wannan ba ce, ai kurar ba mutum ba ce, Baba ya ɗora da hannunsa ya sauke da hannunsa, shi turawa kawai zai yi. Baba ya ce idan kurar ta kife a rami, me zai gaya wa mai kayan, cewa ya bar wa taya biyu abin da aka ba shi?

"Baba, wane mai kaya?" in ji Lauratu. "Mutumin nan ko yana raye ya manta kalar akwatin. Ka ba wannan ƙaton ya ɗauka, ai abin da ya iya ke nan, ci da yawo."

"Ba shi aka ba ba."

"To a bar shi a kan gado mu dawo gobe," in ji Lauratu.

Baba ya ɗaga kai ya dubi rufin ɗakin. Ƙasa tana ɗigowa ta tsakanin azara. Ya ce in miƙo masa rawaninsa.

A nan ya kamata in faɗa. Bakina ya buɗe, na ga Metir a tsaye, na ga Lauratu, na san abin da za ta ce da kuma yadda unguwa za ta ji kafin la'asar. Na ce a raina tafiyar ba ta da nisa, ko minti goma sha biyar ba ta kai ba. Na miƙa masa rawanin.

Ya naɗa gammo da shi. Ya durƙusa, ya ɗora akwatin a gwiwa, daga nan zuwa kafaɗa. Sau biyu yana gwadawa kafin ya kai shi kai. Na ga jijiyoyin wuyansa sun tashi, ƙafafunsa suna rawa. Shekararsa sittin da huɗu. Ya yi ɗan murmushi ya ce da Metir, ashe haka tsufa yake, wannan akwatin da hannu ɗaya ya shigo da shi ɗakin nan.

Muka fita. Metir da matarsa suna tura kura a gaba, Lauratu tana bin su, sai Baba, sai ni a bayansa da akuya ɗaya a kafaɗa. Sauran awakinmu biyu mun neme su mun rasa. Layin ya cika da mutane, kowa da abin da ya ɗauko, wani katifa, wani rediyo a cikin roba, wata mata da tsohuwa a goye. Babu mai magana sosai. Ruwan yana gwiwa, da muka karya kwana ya kai cinya, launinsa kamar kunu, yana tafe da shara da abin da ya fito daga masai. Ba ka ganin inda kake taka.

Tsakanin layinmu da lekol akwai kududdufi inda ake haƙar ƙasar gini. Hanya tana bi ta gefensa, faɗinta bai fi kamu huɗu ba, kuma ranar babu mai iya cewa ga hanya ga rami. Samari sun kafa sanduna, ana bi ɗaya bayan ɗaya. Da muka iso wurin Baba yana numfashi da baki, ina jin ƙarar kamar ana zuga wuta. Ya tsaya. Mutanen da ke bayanmu suka fara cewa a yi gaba. Na ga hannayensa sun yi fari a kan ƙarfen, wuyansa ya karkace gefe ɗaya.

Na matsa kusa da kunnensa na ce, "Baba, sauke shi. Babu keke a ciki."

Bai juyo ba, ba zai iya ba.

"Bulo ne. Ni na ɗauke keken bara na sayar. Ka sake shi ya tafi, don Allah."

Ruwa yana zuba a kan murfin yana gangarowa ta gemunsa. Na zaci bai ji ba. Sai ya tambaye ni, a hankali, almakashin fa. Na ce yana nan, da yadukan.

"To, akwatin ma nasa ne," in ji shi.

Na saki akuyar na kai hannu zan tallafa ta baya. Ya ce, "Kada ka taɓa." Bai ɗaga murya ba. Na janye hannuna. Akuyar ta yi iyo ta nufi tsakiyar kududdufin, ban bi ta ba.

Ya taka. Na bi shi ina kallon bayansa, taki ɗaya, ya tsaya, taki ɗaya. A tsakiyar wurin ƙafarsa ta hagu ta zame cikin ramin, ya tafi ƙasa da gwiwa ɗaya har ruwa ya kai masa haɓa. Bai saki ba. Akwatin ya dawo ya daki ƙeyarsa da kafaɗarsa, na ji wani sauti daga ƙirjinsa da ban taɓa ji daga bakin mutum ba. Na kama shi ta ƙugu, jikinsa dai bai hana ni taɓawa ba, wani saurayi ya kama ɗaya gefen, muka ɗago shi da kayansa a kai. Haka ya ƙarasa. Ya hau matakala uku na lekol, ya shiga ajin da aka nuna mana, ya durƙusa ya ajiye akwatin a jikin bango ƙarƙashin allo. Daga nan ya kwanta a gefensa a kan siminti, bai sake tashi da ƙafarsa ba.

Iyali goma sha ɗaya ne a ajin nan. An jera bencina an yi gadaje, an rataya zannuwa a tsakani. Da yamma Baba ya fara tari, da safe akwai jini a ciki. Metir ya samo wani ma'aikacin jinya ya duba shi, ya ce haƙarƙari biyu sun karye, kuma ya sha ruwan nan, sai an kai shi asibiti. Babu mota mai shigowa Habbena a makon. Muka ce za mu ɗauke shi a kan ƙyaure. Ya tambaya wa zai zauna da akwatin. Lauratu ta yi kuka, ta yi faɗa, ta ce za ta jefa abin a kududdufi da hannunta. Ya rufe ido ya bar ta ta gama.

Ni bai ce mini komai ba. Idan na kawo ruwa yakan karɓa ya sha. Idan na juya shi yakan bari. Amma idonsa ba ya tsayawa a kaina, yakan wuce ni ya sauka a kan allo. Lauratu ta lura, ta ja ni waje ta tambaye ni abin da na yi masa a hanya. Na ce akuyar ce da na saki. Ta ce in ma akuya ce ai na saba, babu abin da ya taɓa zama a hannuna.

Rana ta huɗu ruwa ya ɗan janye, na tafi Dembe da ƙafa. Na sami rumfar da na sayar da keken, wani ne daban a ciki yana sayar da tsofaffin fitilu. Ya ce mai kekunan ya koma Mundu tun bayan salla, ko Sar, bai tabbata ba. Na zagaya wurin teloli layi-layi ina leƙa kan kowane keke. Duk baƙaƙe ne masu zanen zinariya. Sai a lokacin na gane ko na gan shi ba zan shaida shi ba, ban tsaya na dube shi da kyau ba ranar da na ɗauka.

Rana ta bakwai zazzaɓin da ke jikin Baba ya sauka na ɗan lokaci bayan azahar. Baba ya ce a kira masa liman da Metir. Suka zo suka tsuguna a gefensa, mutanen ajin suka kasa kunne a bayan zannuwansu. Na tsaya a bakin ƙofa. Na san abin da zai faɗa, har na ji wani irin sauƙi, na ce gara a yi ta ta ƙare.

Ya yi magana da Larabci don Metir ya ji. Ya ce su shaida, akwatin nan na Abdulmutallib ne tela mutumin Gumel, an ba shi da kan keken ɗinki da almakashi da yadi a ciki. Ya ce kan keken ba ya nan. Liman ya tambaya yaya aka yi, ga kwaɗo a kulle.

"A hannuna ya ɓata," in ji Baba. "Ni na karɓa. Idan ya zo, ko ɗansa ya zo, haka za ku gaya masa. Halliru ne bai riƙe ba."

Liman ya ce Allah ba ya kama bawa da abin da ba shi ya yi ba, in sata aka yi ya faɗi wanda yake zargi. Baba ya ce ba ya zargin kowa. Sai ya kira Lauratu, ya kama hannunta na dama ya ɗora a kan murfin, ya ce daga yau ita ce. Ta ce Baba ni mace ce, gobe in wani ya aure ni fa, ga ɗanka namiji a tsaye. Ya ce ta tafi da shi duk inda za ta. Lauratu ta juyo ta dube ni. Ba ta tambaye ni komai ba, daga ranar har yau.

Ya rasu ranar Alhamis da hantsi, kwana tara bayan fitowarmu. Maƙabartar kusa tana cikin ruwa, sai da muka kai shi ta Lamaji a bayan wata motar yashi. Ni na shiga kabarin na karɓe shi. Ba shi da nauyi ko kaɗan.

Da ƙasa ta bushe muka koma gidan. Ɗakin Baba ya rufta, nawa ma haka, na Lauratu ne kawai a tsaye. Ita ta ɗauko akwatin daga lekol a kanta, tana hutawa a hanya, ina biye da ita hannu sake. Bayan shekara ta yi aure a Tukra, ta tafi da shi. Ban sani ba ko ta cire bulon. Ni na bar garin kafin nan, na yi Kuseri, na yi Marwa, yanzu ina lodin kaya a tashar Garwa. Abdulmutallib bai zo ba.

Abin da muka rasa a damunar nan: ɗaki biyu da katanga, akuya uku, rabin buhun gero da ya jiƙe ya tsiro, kwalaben turare ashirin da shida da suka fashe a kura, kan keken ɗinki ɗaya wanda ba namu ba, da Baba.